Shugabancin da ake koya a bayan labule

Idan aka tashi daga kallon wasan kwaikwayo, wanda ya fito a sarki da wanda ya ba da dariya su ake tafe ana yabo. Ba mai tambayar wa ya naɗa wa sarkin rawani, wa ya kunna fitila daidai shigowarsa, wa ya hana janareta mutuwa ana tsakiyar wasa. Alhali a makarantun da ake koyar da wannan fanni, ɗaliban da ba a gani su ne ke ɗaukar darasi mafi nauyi, wato yadda mutum zai sa tsararrakinsa su bi umarninsa ba tare da ya girme su ko yana biyansu ko sisi ba.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, a ƙarƙashin Sashen Turanci, bisa jagorancin Michael Etherton wanda ya taso daga Zambiya. Gidan wasan da aka gina wa ɗalibai, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana, fasalin gidan Bahaushe aka yi masa: zagayayyun ɗakunan ƙasa, katanga ta haɗe su, ga fili a tsakiya. A irin wannan wuri ba a iske komai a shirye. Sai an zauna an yanke inda 'yan kallo za su zauna, ƙofar da ɗan wasa zai ɓullo, da inda za a rataya fitilu, kuma yawancin wannan ɗawainiya a wuyan ɗalibai take.

Babba a cikinsu shi ne manajan dandamali. Tun ranar gwajin farko yana zaune kusa da darakta, riƙe da kwafin wasan, yana rubuta komai a gefen shafi: nan wance za ta tashi, nan haske zai ragu, nan kalangu zai shigo. Shi ke sa lokacin gwaji, shi ke kiran suna, shi ke bin sawun wanda ya yi nawa. A al'adar wannan sana'a, da zarar an fara nuna wasa ga jama'a, darakta ya gama nasa. Ragamar ta koma hannun manaja. Zai ce wa mai fitila ya shirya, sa'an nan ya ce ya kunna, kuma ko mai fitilar yana ganin lokaci ya yi, ba ya taɓa makunni sai ya ji umarni. Idan ɗan wasa ya tsallake shafi guda, manaja ba shi da damar tsayawa neman mai laifi. Nan take zai yanke abin yi, ya sanar da mai sauti da mai fitila, wasa ya ci gaba. Faɗa sai an watse.

To, ka tuna wannan manajan ɗan aji ɗaya ne da waɗanda yake juyawa. Wataƙila ma ɗakin kwanansu ɗaya da jarumin da ya makara. In ya yi tsawa a ce ya cika izza, in ya yi sanyi gwajin ƙarfe huɗu ya koma na bayan magariba. Dole ya koyi riga kowa zuwa, da jan mutum gefe ya yi masa gyara ba a gaban jama'a ba. A ganina babu laccar da za ta koya wa matashi wannan.

Sauran muƙaman ma kowanne da gwajinsa. Mai kula da sutura ya aro babbar riga da alkyabba a gidan mutane, wajibi ne ya mayar da su a wanke, a kan lokaci. Ma'aji zai zo da lissafin kuɗin katako, fenti da man janareta.

Aikin ya fi tsauri idan wasa ya bar harabar makaranta. Zariya ta yi suna wajen kai wasa ƙauyuka: Wasan Manoma a Soba a 1977, daga baya Maska da Bomo, ga kuma aikin da ɗalibai ke yi a unguwannin Samaru. Kafin a buga ganga sai wani ya je ya gai da dagaci ko mai unguwa, ya nemi izini, ya san ranar kasuwa, ya tsara yadda wasa ba zai ci lokacin salla ba. Ɗalibin da ya iya durƙusawa ya yi wa dattawa bayani har suka ba da fili ya samu abin da zai amfane shi ko a ofis ko a harkar fim.

Akwai kuma 'yan mata da iyayensu ba sa son ganinsu a kan dandamali. Bayan labule na ba su damar riƙe jadawali, kuɗi da mutane ba tare da sun fito gaban jama'a ba.

Inda ake kuskure, musamman a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na sakandare, shi ne mai da wannan aiki ladan ganin ido ga yaron da aka ga bai iya wasa ba. Malami ya rungume komai, ɗalibai kuwa sai ɗaukar benci. Malamai, ku naɗa manaja tun ranar farko, ku faɗa wa kowa iyakar ikonsa, ku damƙa masa littafin wasa. Ranar nuni kuma ku nemi kujera cikin 'yan kallo ku zauna.