Littattafan matafiya da suka sha da ƙyar

Hula ce ta ceci labarin tafiyar Mungo Park ta farko. A shekarar 1796, bayan ya ga kogin Kwara a Segu, 'yan fashi suka tare shi suka yi masa tsirara. Da za su tafi sai ɗayansu ya wurgo masa hularsa, alhali a cikinta yake cusa takardun da yake rubuta abin da ya gani. Da su ya haɗa littafin da ya fito a 1799. A tafiyarsa ta biyu bai yi wannan sa'ar ba. Ya aika da kashin farko na rubutunsa daga Sansandin a watan Nuwamban 1805 ta hannun jagoransa Isaaco, sauran kuma ya salwanta tare da shi a ruwan Busa. Da Richard Lander da ƙanensa suka je neman takardun a 1830, abin da aka fito musu da shi wani tsohon littafin lissafi ne na matuƙan jirgin ruwa. Tsohuwar Busar ma tun 1968 tana ƙarƙashin ruwan Kainji.

Shi dai Lander ɗin nan shi ne ya yi jinyar maigidansa Clapperton a Sakkwato har ya rasu a watan Afrilun 1827, sannan ya ɗauki takardunsa ya gangara da su Badagiri, aka buga su a 1829. Amma abin da ya fi taɓa ni a kayan Clapperton shi ne taswirar da aka zana masa a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a zuwansa na farko, a 1824, da sunayen garuruwa cikin Larabci. An buga ta a Landan a 1826. Baƙon da ake kira mai gano ƙasa, ashe masu ƙasar ne suka zana masa ita a takarda.

Bafaranshe René Caillié ya shiga Tambutu a 1828 da sunan Abdullahi, yana cewa shi Balaraben Masar ne. Idan zai yi rubutu ko zane sai ya keɓe kansa riƙe da shafukan Alƙur'ani kamar mai tilawa. Yaudara ce da ba ta da daɗin ji, kuma ta hanyarta Turawa suka fara ganin zanen birnin.

Na David Livingstone ya fi kowanne ban al'ajabi. A 1871 yana Nyangwe, a ƙasar Kwango ta yau, takarda ta ƙare masa, tawada ma ta ƙare. Sai ya yayyanka wata tsohuwar jaridar Landan mai suna The Standard, ya haɗa tawada da 'ya'yan wata itaciya, ya riƙa rubutu a gicciye a kan rubutun jaridar. A waɗannan shafuka ya rubuta kisan da fataken bayi suka yi wa ɗaruruwan mutane, galibi mata, a kasuwar garin ranar 15 ga Yuli. Tawadar ta koɗe, baƙin rubutun jaridar ya danne ta, aka yi shekara 140 ba mai iya karantawa sosai. Sai a 2011 masana suka fitar da shi, bayan sun haska shafukan da launukan haske daban-daban sun ɗauki hoto, kwamfuta ta ware tawadarsa daga ta jarida. A nan aka ga yana fargabar ko mutanensa ma suna da hannu a kisan, maganar da bai sake faɗa haka ba da ya zo kwafe labarin daga baya.

A ɓangaren matafiya Musulmi kuwa, Ibn Batuta bai rubuta Rihlarsa da hannunsa ba. Shifta ya yi wa Ibn Juzayy a Maroko, aka gama a 1355, kuma kwafe biyar nata suna babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Kwafe mafi cika na labarin Ibn Fadlan, wanda halifan Bagadaza ya tura bakin kogin Volga a 921, sai a 1923 aka tsinto shi a Mashhad ta ƙasar Iran. Evliya Çelebi ya yi kimanin shekara arba'in yana yawo, ya cika mujalladi goma, suka yi zamansu a Alƙahira har 1742 kafin a kai su Santambul.

A cikin masu zane kuwa, Delacroix ya cika ƙananan littattafai bakwai a Maroko a 1832, huɗu kawai suka rage. Sydney Parkinson, mai zanen tsirrai a jirgin Kyaftin Cook, a Tahiti ƙudaje ne suka riƙa cinye masa fenti yana cikin shafawa.

Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya koma gida da zane-zane da bayanan da suka cika mujalladi biyar. Ya kuma tafi da yara biyu da aka 'yanto daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya zauna da wani Bature mai suna J. F. Schön a Ingila ya ba shi labarin tafiyarsa da Hausa, tun daga ranar da aka kama shi, da ƙetare Sahara, har abin da idonsa ya gane masa a Landan. Labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Shi kuma Dorugu a Kano ya ƙare rayuwarsa, a 1912.