Bambancin Tsuntsayen Kolibiri na Dajin Gajimare

A ƙasar Amurka ta Kudu akwai wani jerin duwatsu mai tsawon gaske da ake kira Andis. A jikinsa, tun daga misalin ƙafa 5,000 har zuwa 10,000 bisa teku, akwai kurmin da gajimare ke kwana a cikinsa, ganye yana ɗigar ruwa dare da rana. Nan ne matattarar wasu ƙananan tsuntsaye da mutanen wurin ke kira kolibiri. Jinsinsu ya wuce 360, ba a kuwa samun ko ɗaya sai a Amurka ta Kudu da ta Arewa da tsibiransu. Ƙasar Ekwado kaɗai tana da wajen 130.

Kada hakimai da malamansu su ɗauke shi sha-kauci ne. Sun yi kama, amma ba dangi ba ne. Sha-kauci yakan sauka a reshe ya sha fure. Kolibiri kuwa tsayawa yake cak a iska, fukafukansa na kaɗawa har ido ba ya ganinsu, yana ma iya tashi da baya.

Abin tambaya shi ne yadda jinsi masu yawa haka suke zaune a dutse guda ba su kashe juna da yunwa ba. Amsa tana ga bakinsu, domin kowane baki da furen da ya dace da shi. Akwai mai bakin takobi, wanda bakinsa ya kai inci 4, watau ya fi gangar jikinsa tsawo. Shi ne ke kai wa ga zaƙin dogayen furanni masu rataye, irin na wata bishiya 'yar'uwar zaƙami, inda sauran ba su isa ba. Amma wannan baki wahala ne: in ya sauka sai ya ɗaga shi sama don kada nauyi ya rinjaye shi, susa kuma da ƙafa yake yi. Can ƙasa-ƙasa da shi akwai mai bakin lauje, mai shan furanni masu lanƙwasa. Shi kam maƙalewa yake a jikin furen da farcensa. Wani kuma gajeren baki gare shi mai tsini, sai ya huda gindin fure ya sha. Wannan ɓarawo ne, domin bai ɗaukar wa furen garin da zai haifar da iri.

Halinsu ma ya bambanta. Wasu sukan kama bishiya guda su tsare ta, kowa ya matso su kore shi. Wasu ba su da gunduma, rangadi suke yi daga fure zuwa fure, hanya ɗaya kullum.

Har ila yau duwatsun da kansu sun raba su. Akwai wani ƙarami, nauyinsa giram 3 ne, namijin yana da dogayen gashin wutsiya biyu masu faɗi a ƙarshe kamar ludayi, da tattausan gashi a ƙafa kamar ya sa safa. A Ekwado, na gefen yamma safarsa fara ce, na gefen gabas kuwa ja-ja ce. Da ana lissafa su jinsi ɗaya, amma yanzu masana da yawa sun raba su.