Amsoshin Wasiƙunku: Su Wane ne Mutanen Gabas da Suka Bi Tauraro?

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi, a garin Kuyello cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsa dab da Kirsimeti. Wani abokin cinikinsa Kirista mai zuwa sarin masara yana ba da labarin sarakuna uku da suka bi tauraro har inda aka haifi Annabi Isa (AS), sai wani saurayi ya ce ai shi ya ji Maguzawa ne. Baƙon ya ɗauka ba'a ake yi wa addininsa, ya tattara buhunansa ya tafi ba a gama awo ba. Mai wasiƙar yana tambaya: su wane ne waɗannan mutane, da gaske Maguzawa ne, kuma wane tauraro suka gani?

To Malam, mun gode. Da baƙonka da saurayin nan kowa ya riƙo wani gefe na zancen, amma bari mu faro daga tushe.

Wuri ɗaya tak labarin nan ya zo a Littafi Mai Tsarki na Kirista, wato Linjilar Matiyu, sura ta 2, aya ta 1 zuwa ta 12. A taƙaice, waɗansu masana taurari ne daga gabas suka iso Urushalima, wato Birnin Ƙudus, a zamanin Sarki Hirudus, suna cigiyar jaririn da aka haifa sarkin Yahudawa, don sun ga tauraronsa. Hankalin Hirudus ya tashi. Ya tara malamai, suka ce masa a Baitalami ake sa ran haihuwar. Ya kira baƙin a asirce, ya tambaye su lokacin da tauraron ya bayyana, ya ce in sun sami yaron su dawo su gaya masa. Suka kama hanya, tauraron yana gabansu har ya tsaya bisa inda yaron yake. Suka shiga gidan, suka faɗi gabansa, suka miƙa zinariya da lubban da mur. Aka gargaɗe su a mafarki kada su koma wurin Hirudus, sai suka sake hanya. Iyakar labarin ke nan. Ka lura, Matiyu bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ne ba, bai kuma faɗi sunan ko ɗaya ba.

Alƙur'ani mai girma ya kawo haihuwar Annabi Isa a Suratu Maryam, amma babu zancen tauraro ko baƙi daga gabas. Sai dai babban malamin tarihin nan, Imam Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 923, ya kawo labarin a littafinsa na tarihi, har da kyaututtukan uku. Wato malaman Musulunci na dauri sun san da shi.

Yanzu sai maganar Maguzawa, wadda ita ce ta jawo rigimar. Da harshen Girka aka rubuta Linjilar Matiyu, kuma kalmar da aka kira baƙin da ita ita ce magoi. Asalinta daga Farisa take, wato Iran ta yau, inda ake kiran malaman addinin Zaradusht da wannan suna. Su ne masu kula da wutar ibada, masu fassara mafarki, masu yi wa sarakuna addu'a. Da tafiya ta yi tafiya, Girkawa suka riƙa kiran duk wani mai hisabi ko duba daga gabas da sunan. Wannan kalma ce ta shiga Larabci ta zama Majus, mu kuma muka ce Majusawa. Sau ɗaya ta zo a Alƙur'ani, a Suratul Hajji aya ta 17. Sahabin nan Salmanul Farisi ma cikin Majusawa ya tashi, har ya yi aikin kula da wuta kafin ya bar gida neman gaskiya. Har yau akwai ragowar mabiya wannan addini a birnin Yazd na Iran da Mumbai ta Indiya.

To ina Maguzawanmu suka shigo? Ya tabbata a Buhari cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba, sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya ba da shaida cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar, a gabashin ƙasar Larabawa. Daga nan malaman fiƙihu suka sami hanyar da wanda ba Musulmi ba, ba kuma Bayahude ko Banasare ba, zai zauna ƙarƙashin sarkin Musulmi, ya biya haraji, a tsare masa rai da dukiya. Masu binciken tarihi da yawa suna ganin ta nan aka samo sunan Maguzawa: Hausawan ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau da ba su musulunta ba, aka sa su a babin Majusawa, suka ci gaba da nomansu suna biyan jiziya, har bayan jihadin 1804. Akwai masu cewa daga gudu sunan ya fito, wai sun guje wa salla, amma ni dai na fi karkata ga bayanin farko. Saboda haka ba Bamagujen Kano ne ya je Baitalami ba, suna ne ya yiwo tafiya daga Farisa har ya iso mu. Ba zagi a ciki, balle ma da yawa daga cikin jikokin Maguzawa yau Kiristoci ne, wasu Musulmi. Wani abin dariya kuma, daga tushen nan Turawa suka samo kalmarsu ta sihiri, majik, mu kuma muka aro ta muka ce majigi, wannan da a da ake haskawa a ƙofar fada da dare.

Sarakuna uku kuwa, ƙari ne da ya zo daga baya. Malaman Kirista na farko sun ga kyauta iri uku, sai suka ƙiyasta mutum uku, alhali Kiristocin ƙasar Sham sun ce su goma sha biyu ne. Sarautar daga Zabura ta 72 da Ishaya sura ta 60 aka ciro ta, inda aka yi zancen sarakuna masu kawo gaisuwa. Sunayen Kasfar da Malkiyor da Baltazar ba su bayyana a rubuce ba sai bayan kusan shekara 500, kuma sai cikin ƙarni na 15 masu zane a Turai suka yawaita zana ɗayansu baƙar fata, don ya wakilci Afirka. A 1164 aka ɗauke waɗansu ƙasusuwa da ake cewa nasu ne daga Milan ta Italiya zuwa Kolon ta Jamus. Dominsu aka fara gina babbar majami'ar birnin a 1248, ba a gama ba sai 1880, kuma akwatin yana nan har yau. Ranar 6 ga Janairu ake bikin tunawa da zuwansu.

Kyaututtukan kuwa, ku mutanen Birnin Gwari ba baƙinku ba ne. Zinariya dai tun zamanin Turawa ake haƙarta a ƙasarku, kun san daɗinta, kun kuma san fitinar da take jawowa. Lubban ƙaro ne na wata bishiya da ke fitowa a Oman da Yaman da Somaliya. Ana tsaga bawonta, ruwan ya tsattsafo ya daskare, a kankare a kai kasuwa. 'Yar'uwarta ce hano, wadda wasu ke kira ararraɓi, mai son wurin duwatsu, wadda ake dafa sassaƙenta don magani, a kuma turara ƙaronta. Mur shi ma ƙaro ne, mai ɗaci, bishiyarsa kuma danginsu ɗaya da dashin da kuke kafa shinge da shi. A wancan zamani fatake kan yi wata da watanni da raƙuma suna kai waɗannan kaya Sham da Masar da Rum, kuma tsada gare su ainun. Kirista suna fassara zinariya da sarauta, lubban da bauta, mur da mutuwa, don da shi ake shafe gawa. A ruwayar Ɗabari kuwa, zinariya ita ce shugabar dukiya, mur yana warkar da rauni kamar yadda za a warkar da marasa lafiya ta hannun yaron, hayaƙin lubban kuma sama yake yi kamar yadda za a ɗaukaka shi zuwa sama.

Sai tauraron. Kafin a neme shi sai an san shekarar. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan Hirudus ya mutu shekara 4 kafin fara lissafin Miladiyya. Wani malamin Kirista mai suna Diyonisiyus ne ya tsara lissafin a 525, ya kuma yi kuren 'yan shekaru. Don haka ake duba abin da ya faru a sama tsakanin shekara ta 7 da ta 4 kafin Miladiyya.

Wasu sun ce tauraruwa mai wutsiya ce. Wadda ake kira Hali, mai dawowa kusan duk shekara 76, wadda ta zo a 1910 da 1986, ta bayyana a shekara ta 12 kafin Miladiyya, wato ta yi sammako da yawa. Mutanen Sin sun rubuta wata da ta yi fiye da kwana 70 ana ganinta a shekara ta 5, wannan kam ta dace da lokacin. Matsalar ita ce mutanen da ma irin kallon da muke yi mata suke yi: tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Da wuya mai hisabi ya gan ta ya ɗaura kaya ya tafi barka.

Wasu suka ce haɗuwar taurari masu tafiya ce, waɗanda malaman hisabi suka sani da Mushtari da Zuhal. Waɗannan duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu, kuma duk bayan kusan shekara 20 sukan zo saiti ɗaya a idonmu. Wani Bajamushe mai suna Kefla ya ga haɗuwarsu a Disamba 1603, ya yi lissafi baya, ya gano sun haɗu a shekara ta 7 kafin Miladiyya. A shekarar nan har sau uku suka haɗu cikin burujin Hutu, tsakanin Mayu da Disamba. Ba su narke sun zama tauraro ɗaya ba, tazarar da ke tsakaninsu ta kai faɗin wata biyu. Wanda ya dubi yamma bayan magariba ranar 21 ga Disamba 2020, in hazo ya bar shi, ya ga sun fi haka kusa, rabon da a yi irin wannan tun 1623. Zara da Mushtari ma sun manne ranar 17 ga Yuni na shekara ta 2 kafin Miladiyya, to amma lokacin Hirudus ya riga ya mutu bisa lissafin da aka fi yarda da shi.

In ka tambaye ni, a cikin waɗannan haɗuwar Mushtari da Zuhal ta fi shiga hankali, dalili kuwa yana cikin labarin kansa. Hirudus da fadawansa ba su ga komai ba, sai da suka tambayi baƙin yaushe abin ya fito. Ashe ba wani haske ne da ya cika gari ba, alama ce da sai mai karatun sama ke ganewa, kamar yadda tsoho ke duban Kaza da 'Ya'yanta ya ce damina ta matso, yaro kuwa taurari kawai yake gani.

Amma fa wannan bai warware ƙarshen labarin ba. Daga Ƙudus zuwa Baitalami mil shida ne kacal, kudu ake yi, taurari kuwa daga gabas suke fitowa su faɗa yamma, kuma duk matafiyin dare ya san ba tauraron da ke tsayawa kan rufin gida ɗaya. Babban mai wa'azin Kirista Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a 407, tuni ya lura da haka, ya ce ba tauraro ba ne irin na kullum, wani iko ne ya ɗauki siffarsa. Waɗansu masu nazarin Linjila na zamani kuma suna ganin Matiyu yana mai da hankalin masu karatunsa ne ga annabcin Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura ta 24, na tauraron da zai fito daga zuriyar Yakubu.

Mai son gane Mushtari da idonsa, ya nemi tauraron da ya fi saura haske in an cire Zara, wanda haskensa ke tsaye ba ya ƙyafta. Shi da Zuhal za su sake haɗuwa a 2040, mai wutsiyar nan Hali kuma sai 2061. Allah ya kai mu. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da aiko da wasiƙu.