Zaman Cuɗanya Tsakanin Halittu a Gonakin Illela

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba yadda itatuwa da bisashe da ƙwari ke dogara da juna a gonakin Illela, cikin jihar Tawa, da abin da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su amfana da shi.

Misali na farko shi ne gawo. Wannan icce yakan zubar da ganyensa da damina, ya tofo da rani, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana. A saiwarsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗauko sinadarin azot daga iska su ciyar da shi. Awaki da tumaki sukan ci ƴaƴansa, su bar taki a inuwarsa, su kuma watsa ƙwayarsa cikin kashinsu. Wannan shi ne cuɗanni in cuɗe ka.

Misali na biyu shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa yakan yi shekaru kwance a ƙasa, sai ya ji saiwar hatsi ko dawa kusa sannan ya tsiro ya maƙale mata, yana tsotse ruwa da abinci. Ɓarnarsa ta fi tsanani a gonar da ta gaji. Wannan shi ne ci da gumin wani.

Misali na uku ya nuna hannun ɗan Adam. Bayan farin 1984 ƙasa mai yawa ta zama fako. A 1989 manoma 13 daga Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso da taimakon wani aikin FIDA, suka dawo suka inganta tassa a yankin Badagishiri. Ana gina ƙananan ramu a zuba taki. Takin ya jawo gara, gara ta huda hanyoyi, ruwan sama ya bi su ya ratsa ƙasa, hatsi ya kama. Ga shi garar da ke cin rumbu ta zama mai raya fako.

Abin lura shi ne manomi ya riga ya san waɗannan al'amura da sunayensu. Don haka ya kamata darasi ya fara daga gawo da ƙuduji da tassa, kuma a tattara kalmomin Adaranci tukuna kafin a nemi ƙirƙiro sababbi.