Mai Kiwon Kaji Ta Ci Kyautar Sarki

'Yan'uwana mata, ga labarin Marjorie Foster, wata Baturiya mai kiwon kaji a ƙasar Ingila.

Akwai wani fili a Bisley inda gwanayen harbi sukan taru kowace shekara neman Kyautar Sarki. Ran ƙarshe akan kafa allon da za a harba a nisan yadi 900 da kuma 1,000, watau fiye da rabin mil. A irin wannan nisa iska takan karkatar da harsashi, saboda haka sai maharbi ya dubi tutocin da aka kakkafa, ya auna ƙarfinta, ya riƙe numfashi, kana ya ja kunama.

A 1930 Marjorie ta kara da maza fiye da dubu, ta sami maki 280 cikin 300, ta zo ta ɗaya. Ba macen da ta taɓa yin haka kafinta. Aka ba ta fam 250 da lambar zinariya, mutanen garinsu kuma suka saya mata mota.

To, 'yan makaranta, kun ga abin da lissafi da natsuwa suka yi mata. Ran da aka ce muku lissafi sai maza, ku ba su labarin mai kaji.