Fankar Maƙera: Wanki Kafin Mai

Gawayi shi kaɗai ba ya tausasa ƙarfe. Sai an cusa masa iska ne zafinsa ke haura digiri 1,000, har maƙeri ya iya lanƙwasa fartanya ko lauje. Shi ya sa a maƙerun Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, da ke gefen dajin Rugu, ana tattalin abin hura wuta kamar yadda ake tattalin masaba da awartaki.

A da zugazugi ne na fatar akuya, wanda ake shafa wa mai don kada ya bushe ya tsattsage. Har yau akwai masu riƙe da shi, amma da yawa sun koma ga fanka: ana juya ƙafar keke da hannu, roba ta ja wata 'yar fanka da ke cikin gidan gwangwani, iska ta bi bututu zuwa gindin gawayin ƙirya. Yaro ɗaya na iya wuni yana juyawa.

Babban abokin gabar fankar ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta haɗu da toka da garin gawayi, su manne a fukafukan fankar. Kuma ba daidai suke mannewa ba. Wani gefe ya fi wani nauyi, sai fankar ta soma rawa, rawar nan kuwa ita ke cin boris ɗin da fankar ke juyawa a kansa. Alamar farko ita ce ƙara, sannan hannu ya ji nauyi, wuta kuma ta yi sanyi ko da an ƙara gawayi.

A nan ne mutane da dama ke kuskure. Da zarar sun ji ƙara, sai su ɗebo baƙin mai daga wurin mai gyaran babur su tsiyaya. Ƙarar za ta lafa, gaskiya ne. Amma baƙin mai ya riga ya kwashi dattin inji da ɓurɓushin ƙarfe, in ya gauraya da yashi sai ya zama tamkar dutsen wasawa a cikin boris. Man gyaɗa ma bai dace ba, domin yakan daskare ya yi danƙo idan ya daɗe.

Abin da ya kamata shi ne a bari wuta ta mutu, a kwance murfin gidan fankar, a kankare fukafukai da tsohon buroshi, a zazzage bututun. Sai a wanke boris da kananzir, nesa da murhu, a bar shi ya bushe sarai. Bayan nan ne za a sa giris, kaɗan kawai, a goge wanda ya tsattsafo waje, tun da shi ke kiran ƙura. Boris mai rufaffen baki ba a wanke shi. In ya soma kuka, sai canji. Robar kuwa kada mai ya taɓa ta, in ba haka ba sai ta riƙa zamewa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kawo manoma da garmunansu ƙofar maƙera.