Karatun Injiniya a Ƙetare: Lissafin da Ya Kamata Iyaye Su Yi

LAFIYA — Attajirai da 'yan kasuwar Lafiya da ke shirin tura 'ya'yansu karatun injiniya a ƙasashen waje sukan fara ne da tambayar wace ƙasa ta fi suna. Amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna cewa akwai tambayoyi uku da suka riga wannan.

Ta farko ita ce ko za a amince da takardar digirin a gida. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, kuma a 2023 ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi. Ƙasashen da ke cikin wannan yarjejeniya ta 1989, irin su Amurka, Birtaniya, Malesiya, Indiya da Turkiyya, suna amincewa da kwasa-kwasan da kowannensu ya tantance. Saboda haka a bincika kwas ɗin kansa, ba jami'ar kaɗai ba. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin jamhuriyar Benin da Togo. Araha dai ba ta ado.

Ta biyu ita ce kuɗin musaya. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafi da tsohon farashi ya ga kuɗin makaranta ya ninka sau uku yaro yana tsakiyar karatu. Ko a Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, tun daga 2024 ana neman ɗalibi ya nuna yuro 11,904 na guzurin shekara guda. Sai kuma zaman lafiyar ƙasar: yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai da dama gida hannu rabbana.

Ta uku ita ce aikin da ke jiran yaro. Jihar Nasarawa ta ga soma haƙar rijiyar mai a ƙaramar hukumar Obi a 2023, da buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyom a 2024, ga kuma aikin rake na Dangote a Tunga. Injiniyan ma'adinai, na sinadarai ko na injuna ya fi kusa da waɗannan ƙofofi.

Injiniya Abdullahi Sule, wanda ya zama gwamna a 2019, sai da ya yi kwalejin fasaha ta Jihar Filato kafin ya wuce jami'ar Indiana State ta Amurka. Wannan hanya tana nan: tushe a gida, ƙwarewa a waje. Uban da ya bi ta, ya bar digiri na biyu kaɗai ga ƙetare, zai nemi dalar shekara ɗaya ko biyu ne maimakon huɗu ko biyar.